Iskar da Ta Sa Manu Baduku Karatu

Ranar da abin ya faru, zafi ya kai maƙura a Matamaye. Ƙarshen bazara ne. Tun hantsi kaji suka saki fukafukai suna haki a gindin rumbu, ko ganye ɗaya ba ya motsi. Bayan azahar gabas ta fara yin baƙi, duk mai hankali ya tashi ya kwashe shanyarsa. Manu Baduku bai tashi ba. Shi da bakinsa yake cewa daga nan ma ka gane irin hankalin nasa.

Manu ɗinkin fata yake yi, gadon ubansa: kube, linzami, takalma, da gafakar da malamai ke sa littattafai a ciki. Lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba, gardawansu, wato dogaran Nasara, kan biyo ta garin su kawo masa ɗamara ya gyara. Karatu kuwa, ya yi makarantar allo har inda ubansa ya ce ya isa haka, basilla na jiransa. Yana haɗa baƙaƙen ajami, amma da ƙyar, kamar jaki mai kaya a tudun yashi.

Da safen ranar ne Madugu Idrisa, falke mai kai kaya tsakanin Kano da Agadas, ya kawo masa wani littafi. Irin na da ne, ba ɗinki, warƙa bisa warƙa, an ɗaure da igiyar fata.

"A Kano na saye shi, hannun wani marubuci," in ji Madugu. "Ba na addini ba ne, hikayoyi ne na aljanu da abubuwan al'ajabi, na ɗebe kewa a zango. Warƙa ɗari biyu da arba'in. Ka yi masa gafaka ta gani ta faɗa. Gobe ayari zai tashi arewa, sai baɗi war haka. Amana fa, Manu."

"Haba Madugu! Littattafan Malam Dawuda ma a zauren nan suke kwana."

Da yamma ya kwance igiyar don ya auna kauri, ya bar takardun bisa tabarma a ƙofar zaure, ya shiga gida ɗauko jar fata. Yana ciki iskar hadari ta taso. Da ya fito sai ya ga littafin Madugu a sama kamar garken balbela. Wasu sun maƙale a darni, wasu sun faɗa wurin awaki, ɗaya har bakin rijiya. Shi da matarsa Baiwa suka yi ta gudu suna cafka, suna salati. Allah Ya taimake su, kafin ɗigon farko ya sauka sun tattara. Suka ƙirga sau uku, ba wadda ta ɓace. Sai dai ba wanda ya san wacce ke bin wacce.

Baiwa ta ce, "Maigida, ka kai wa Malam Dawuda ya jera maka."

"In je gaban malam da littafin aljanu, in kuma ce iska ta ƙwace amana a hannuna? Ke Baiwa! In maganar nan ta fita, wane malami zai sake kawo mini littafi? Rabin tuwon gidan nan daga gafaka yake fitowa."

"To ya za ka yi?"

"In karanta. In na ji labarin, ai na san abin da ke gaba da abin da ke baya. Shekara guda gare ni."

Ta dube shi, ta dubi tulin takardu, ta ce, "Allah Ya ba da sa'a, Malam." Daga ranar Malam take ce masa, kuma ba don girmamawa ba.

Da damina in ya dawo gona sai ya shige ɗaki, ya zauna inda haske ke shigowa, yatsa bisa baƙi. Warƙa ɗaya takan ci masa azahar har la'asar. Ya samo duwatsu yana danne kowane kashi, don shi da iska an yi rabuwar har abada. A ƙasan kowace warƙa, can a kusurwa, yakan ga wata kalma guda ita kaɗai. Ya ce a ransa wannan marubuci almubazzarin tawada ne, gwajin alƙalami ma sai a littafin mutane. Ya wuce ta.

Wanda ya fara ganewa labarin wani sarki ne da aljanu suka sace wa inuwa. Da fari Manu ya raina shi, ya ce mutum ga gero ga dawaki, me zai yi da inuwa? Amma da ya kai inda talakawa suka daina gaishe da sarkin, har dokinsa ya ƙi shi, sai ya daina raina shi. Kwana biyu yana waiwayen tasa inuwar a hanyar gona.

Na biyu na wani jarumi ne, shi kuwa bai burge Manu ba ko kaɗan. Kowace warƙa sai ya kashe mutum dubu. Ba ya cin abinci, ba ya ciwon baya, majayin sirdinsa bai taɓa tsinkewa ba. "Shekara bakwai yana zare takobi yana mayarwa, kuben bai yage ba," in ji Manu. "A nuna mini badukun da ya ɗinka shi in je in zama baransa. Amma ko sunansa ba a faɗa ba. Aljanin da ke fitar da wuta ta hanci na yarda da shi, kuben nan ne ban yarda da shi ba."

Da kaka ya faɗa cikin labarin wata yarinya mai saƙa hadari a masaƙa, wadda zarenta ya ƙare ƙasarsu ta shiga fari. Wannan kam ya tafi da shi. Har Baiwa, da ke cewa ba ruwanta da shirme, ta koma tana leƙowa da taɓarya a hannu.

"Malam, ta samu zaren?"

"Warƙar da ta samu ban gan ta ba tukuna."

"Kai dai! Ka bar ƴar mutane a daji wata guda."

Cikin neman warƙar nan ne wani gardi ya zo karɓar ɗamararsa ya tarar ba a taɓa ta ba. Bai yi dogon magana ba. Ya ɗora wa Manu akwatin kwamandan Nasara a ka, ya kora shi har garin Kance. Manu ya ce abin kunyar shi ne, duk tsawon hanyar, wuya na ciwo, gumi na shiga ido, ba iyalinsa yake tunani ba. Yarinyar nan yake tunani, ko a wurin gizo-gizo za ta samo zare.

Na huɗu kasuwa ce a ƙarƙashin rijiya, inda mutane ke ba da shekarunsu a ba su abin da ransu ke so. Ya ba shi tsoro ƙwarai. Mutum mai ƴaƴa uku ya koma in zai ja guga sai ya kau da kai, kada ya ga fitilun kasuwar.

Kafin sanyi ya wuce ya tayar da kashi huɗu. Suka bar masa warƙoƙi wajen talatin da suka ƙi shiga ko'ina. Ya juya su, ya sake juya su, sai ya ce ashe labari na biyar ne. Na wani mutum ne da ba a cika faɗin sunansa ba. A nan ya mutu an binne shi, a warƙa ta gaba ga shi yana cinikin albasa. An maishe shi gauraka, ba a ce don me ba. Ya yi aure, gari ya waye yana gadin ƙofar wani birni da bai taɓa ji ba. Ba ya tambaya, ba ya ƙorafi, duk inda ya tsinci kansa sai ya kama aikin da ke gabansa. Duk cikin littafin ba wanda Manu ya so kamarsa.

"Wannan ne kaɗai mutumin gaske," ya ce wa Baiwa. "Sauran duk sun san inda za su. Wannan irinmu ne. Marubucin nan, a nan ya nuna gwaninta."

Gafakar kuwa, da ya zauna mata, kwana huɗu ya gama.

Bazara ta zagayo, ayari ya sauka. Manu ya so ya miƙa littafin ya yi shiru. Amma ya tuna Madugu zai buɗe shi a wani zango, gaban fatake, in jerin bai yi daidai ba sunan Manu zai bi hanya daga Agadas har Kano. Da Madugu ya zo bayan azahar ya gama yaba ɗinki, sai Manu ya sunkuyar da kai ya faɗa masa komai, tun daga iska har duwatsu.

Madugu ya jawo tulin takardun gabansa. Ya zaro warƙa guda, ya ɗora yatsa a kusurwar ƙasa.

"Manu, wannan kalmar fa?"

"Gwajin alƙalami ne."

"Karanta ta."

Ya karanta. Madugu ya tona cikin tulin, ya zaro wata, ya nuna masa kalmar farko a samanta. Ita ce.

"Haka marubuta ke yi. Kalmar da ke ƙasan wannan ita ce farkon mai bi mata. Don irin ranar da ta same ka aka yi ta."

Daga bayan darni aka ji taɓarya ta faɗi, aka ji Baiwa na neman numfashi don dariya. Manu ya ce shi dai ya zauna yana kallon kalmar da ya gaisa da ita sau ɗari biyu da arba'in bai taɓa tambayarta daga ina take ba.

"Labari nawa ka samu?" in ji Madugu.

"Biyar."

"Ikon Allah! Ni biyu na saya." Ya share hawayen dariya da hannun riga. "Tsaya, kafin in wargaza. Ba ni na biyar ɗin, don in na jera ba sauran shi."

Manu ya ba shi, da mutuwa da albasa da gauraka. Madugu ya yi dariya har ya kwanta bisa tabarma, ya tashi ya ce a maimaita masa wurin albasa. Sannan ya naɗe hannun riga ya fara jeri. Kafin rana ta yi ja ya gama aikin da Manu ya yi wa shekara. Ashe sarki marar inuwa shi ne uban yarinya mai saƙa. Ashe jarumi mai kube shi ne ya sauka kasuwar rijiya. Mutumin Manu kuwa, Manu na kallo aka rarraba shi: nan bawan sarki ne, can wani mai albasa, can mai gadi, can wani da aljani ya yi wa sihiri. Mutum huɗu ne da ba su ma san juna ba.

Madugu ya ɗauki gafakarsa, ya ce, "Amanata ta dawo cif. Maganar nan kuma ba za ta fito daga bakina ba."

Ya cika alkawari. Manu ne bai iya ba. Labarin mutumin nan ya dame shi, ba ya cikin kowane littafi sai cikin kansa, kuma ba yadda zai ba da shi ba tare da ya faɗi inda ya samo shi ba. Wata biyu ya daure. Ranar wata kasuwa ya kwance wa abokan zamansa duka. Kafin magariba Malam Dawuda ya ji. Shekarar nan malam ya kai aikinsa wurin wani baduku a Icirnawa, wasu malamai biyu suka bi shi, gidan Manu aka sha kunu a maimakon tuwo ba sau ɗaya ba. Da ɗinkin Icirnawa ya fara warwarewa suka dawo. Amma har ya rasu, Malam Dawuda bai taɓa miƙa masa littafi ba sai ya ɗaga kai ya dubi gabas tukuna.

Manu bai sake karanta wani littafin hikaya ba, don ba wanda ya sake kawo masa. In aka tambaye shi wanne ya fi daɗi cikin waɗanda ya karanta, yakan ce wanda babu shi.

Yana nan a Matamaye, a zauren nan dai. Ido ya yi rauni, ya bar gafaka, sai yankan igiyar takalmi. Baiwa na ce masa Malam har yau. Akwai dutse guda a gefen tabarmarsa, duk wanda ya zo da takarda sai ya ce a danne ta kafin a gaisa.