Taku Arba'in na Malam Harisu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga watan Yuli na 1977, saura 'yan kwanaki Rajab ya ƙare, Allah Ya karɓi ran Malam Harisu mai duba hanya, a gidansa da ke Tsamiyar Gide, ƙasar Sabuwa. Ya cika da hantsi, bayan jinyar ƙirji ta wata biyu. Muka kai shi bayan azahar, ana yayyafi.

Malam, na makara da wannan takarda. Hannuna bai saba da alƙalami ba, ka sani, kuma makon ya taho mini da abu biyu a haɗe: an yi mini jika bayan shekara goma sha ɗaya ina jira, aka kuma ɗauke ka. Masu barka na shiga, masu gaisuwa na fita, ban san da wace fuska zan tarbe su ba. Na gaji ƙwarai. Amma akwai abin da ya wajaba in faɗa tun mutane ba su manta ba.

Da lebura ka fara, zamanin En'e, da kwando da diga. Ka zama helma, shugaban leburori, daga baya aka ba ka duba hanyoyin yankin nan, tun daga Damari har iyakar Faskari. Duk ranar kasuwa kakan zauna gindin tsamiyar bakin gari da gwangwanin madara, in mota ta wuce ka jefa tsakuwa ɗaya. Shekarar da aka gama yaƙin basasa, huɗu ka samu a wuni. Bayan ƙarin albashin Udoji suka haura talatin, ban da babura, waɗanda ka ce ba su isa tsakuwa ba, sai ƙwayar dawa.

Daga gwangwanayen nan ka fito da maganar da ta mai da kai abin dariya. Ka ce hanyar da ta ratsa tsakiyar kasuwa don jakai aka yi ta, nan da shekara ashirin za ta shaƙe garin. Ka ce a ware fili tun yanzu, faɗin taku arba'in, ya zagaya bayan gari ta kan tudu, a mai da tasha can, a bar burtali a gefe don shanu. Wani mahauci ya ce, "Malam, jirgin sama ne zai sauka?" Ka ce, "A'a, jikokinku ne ke tafe." Tun daga ranar ake kiran wurin filin jirgi.

Dagaci ya yarda don ka dame shi. Safiyo, mai awon ƙasa, ya zo sau ɗaya, ya auna, ya kafa turakun katako, ya koma. Kafin damina biyu gara ta cinye su. Aka kawo na ƙarfe, suka ƙare a maƙera. Wasunsu na nan a gidajenmu sun zama hauya. Sai ka yi abin da ba safiyon da zai tuna da shi. Ka sari rassan iccen dashi da bazara, ka daddasa layi biyu, tun daga tsamiya har mashigar rafi. Ka san halinmu. Manomin ƙasar nan zai tuge turken gwamnati bai ji komai ba, amma ba ya taɓa dashin iyaka sai mai unguwa da maƙwabci na tsaye. Da ruwa ya sauka itatuwan suka tofo, filin ya zauna.

A nan zan faɗi nawa laifin. Layinka ya ci kunya goma sha takwas daga gonata, gonar da ubana ya sare da hannunsa. Shekara biyu ban gaishe ka ba. In na hango ka sai in ratse. Ajin yaƙi da jahilci ya haɗa mu, bayan la'asar, tabarma ɗaya, masu furfura biyu suna koyon ba, be, bi. Ni na shiga don in riƙa karanta takardar awon auduga, kai kuma don ka daina roƙon a rubuta maka wasiƙa. Wata rana na danna fensir da haushi har ya karye. Ka miƙo mini naka, ka ce, "Malam Sha'ibu, in da ni kake, yi da baki. Fensir ba ya gona." Dariya ta kuɓuce mini. Daga nan muka shirya.

Wasiƙa goma sha tara ka rubuta da hannunka, kana roƙon a zuba burji, a sa kwalbati ɗaya a rafi. Amsa biyu ta zo, duka suna cewa ana dubawa. Muna jin labarin kwalta da gadoji a birane, kuɗin mai na ta aiki, namu filin kuwa sai ciyawa. Da ka ga haka, ka tara leburorinka kuka jera duwatsu a mashigar, kai ma kana ɗauka a ka. Ina zaton a nan ƙirjin ya fara.

Kwana uku kafin ka cika, Barakatu, matar ɗana Lawwali, wadda ta yi ɓari uku a baya, ta shiga kwana na biyu tana naƙuda. Ungozoma ta ce ya fi ƙarfinta, a kai ta asibiti Funtuwa. Ranar kasuwa ce, an kuma yi ruwa da asuba. Motar taki da motar siminti sun yi gaba da gaba a tsakiyar kasuwa, ɗaya ta kafe, bayansu an jeru har bakin masallaci. Ɗanliti direba, wanda ya ɗauko mu a a-kori-kurarsa, ya leƙa ya ce, "Baba, nan sai gobe." Ina jin nishin yarinyar a bayan mota. Na ce ya juya ta tsakanin dashi.

Ya ce, "Ta filin jirgi?"

Na ce, "Ta nan."

Ciyawa ta kusa rufe motar, amma ƙasa na da tauri, domin kan marmara ka bi da layinka. Hanya ba ta ɓace mana ba, dashi a dama, dashi a hagu. Ina kallo muka keta ta kan kunyoyina goma sha takwas. Muka haye duwatsunka, muka faɗa babbar hanya. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Aka sami namiji, uwa lafiya.

Washegari na taho maka da goro, cike da murna. Kana kwance, mai ɗakinka Goggo Hajaratu na yi maka fifita. Ka yi barka, ka sa albarka, sannan ka jawo hannuna ka ce, "Wajen rafi fa? Taya ta nutse?" Na ce ta ɗan yi santsi. Ka rufe ido, ka ce, "Kwalbatin nan." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Malam, ba zan ɓoye maka ba. A wurin zaman makoki, ba a ko yi sadakar uku ba, na ji ana raɗa cewa tunda mai dashi ya tafi sai a yanka filin a yi shaguna. Kowa ya sami kuɗin kwano da bulo, kowa na son bakin hanya, ba mai son barin hanyar. Har Lawwali ya same ni ya ce, "Baba, gefen gonarmu dai ai namu ne. Ko shago biyu." Na ce ya shiga ɗaki ya dubi abin da ke hannun matarsa, ya dawo ya maimaita. Bai sake tayar da maganar ba. Sai dai ba shi kaɗai ba ne, ni kuma gwiwa ta fara ƙi.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Harisu. Na yi murna irin wadda ban taɓa yi ba, na kuma yi kuka a cikinta. Da taro ya watse na ɗauki adda na bi layin. Dashi goma sha ɗaya sun bushe. Na dasa wasu a gurbinsu, na sa mai unguwa da maƙwabta suka tsaya shaida, don su zama iyaka kamar yadda aka saba. Goggo Hajaratu ta aiko mini da gwangwanayenka, guda takwas, kowane da shekararsa a jiki da rubutunka mai karkata. Kasuwar da ta wuce na zauna gindin tsamiya da na bana. Arba'in da bakwai na samu. Ban san ko zan ga kwalta a wurin nan ba; kai ma ba ka gani ba. Amma duk mai niyyar tuge dashi ɗaya, ya fara biyowa ta ƙofar gidana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo Hajaratu, da 'ya'yansa Abdulƙarim da Suwaibatu, da leburorin da suka ɗauki dutse tare da shi. Allah Ya ba ku haƙuri da dangana. Malam Harisu, Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka fiye da yadda ka yalwata mana hanya, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ni ma ka yafe mini shekara biyun nan. Mu da muka rage, Allah Ya kyautata namu ƙarshen, Ya ba mu ikon tsare taku arba'in ɗin nan har takwaranka ya yi wayo in kai shi ya gani. Amin.

Sha'ibu Manomi, Tsamiyar Gide