Ba Taro Na Je Ba

Ranar da na fita daga takaba, abin da na fara saya jakar goyo ce, irin wadda ɗaliban jami'a ke ratayawa a baya. Na haura hamsin a lokacin. Wata huɗu da kwana goma na yi a gidanmu na unguwar Old Trafford a Manchester ina kallon ruwan sama ta taga, mata suna shigowa da kuloli, su ba ni haƙuri, su fita su kama harkokinsu. Na yi kukan mijina har na gaji, kuma har gobe ina kewarsa. Amma a zaman nan ne na lura tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zuwa ko'ina don kaina ba. Hutu ya zo, sai Kano. Wani hutun ya zo, Kano dai, in ba biki ba ta'aziyya. A kantin maganin da nake aiki a Rusholme kuwa akwai wata 'yar Thailand da ta daɗe tana cika mini kunne da labarin daminar ƙasarsu. Na ce to, gani ya kori ji.

Mu ba ma tafiya sai mun yi sallama da manya, don haka na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham, gidan wan mijina a Selly Oak. Yaya nake ce masa. Shi ne babba a danginmu na nan, kuma shi ne waliyyin 'yata, wadda wani yaro ɗan mutunci yake nema. Gidan su yaron ma a Birmingham yake, an kuma shirya za a zauna a sa rana a ƙarshen bazara.

Yaya ya saurare ni har na gama, ya cire tabarau ya goge. Ya ce mace, ita kaɗai, babu muharrami, ƙasar masu gumaka, kuma a cikin damina. Na ce maganar ruwa dai ya cire ta, wanda ya zauna a Manchester ba a tsorata shi da hadari. Bai yi dariya ba. Da ya ga babu alamar zan sauko, sai ya sauya murya.

"Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Ki tafi. Amma za mu ce conference kika je, taro na wurin aiki, a Malaysia. Ƙasar Musulmi ce, ba mai tambaya. Ki tuna yarinyar nan, mutane uwa suke dubawa kafin su ɗauki 'ya."

Na san abin da yake nufi. A wurinmu tafiya sai da dalili: hajji, karatu, asibiti, zumunci, fatauci. Macen da ta fita don kawai ta ga duniya, ba ta da wurin zama a bakin mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don ya hana ni ba, sai don ya yarda in tafi muddin zan ji kunyar tafiyar. Na ce, "Yaya, sallama na zo yi maka, ba aron dalili ba." Na ɗauki mayafina.

Wadda ta fi taɓa ni 'yata ce. Ta same ni ina naɗe kaya, ta zauna a bakin gado da Hausarta mai ɗingishi. "Mum, please. Kalma ɗaya ce fa. Ki ce conference, don ni." Ban yi mata alkawari ba, ita ma ba ta raka ni filin jirgi ba. Wannan abu ya bi ni har can, ya fi jakar nauyi.

Daga arewacin Thailand na fara, na gangara Laos a jirgin ruwa mai tafiyar hawainiya, na ƙare a Cambodia. Ruwan can ba irin yayyafin Manchester ba ne mai naci. Irin na gida ne: gari ya yi ɗif, iska ta taso, a tsuge kamar da bakin ƙwarya, a ɗauke, ƙasa ta yi ƙamshi. Takalmana ba su taɓa bushewa ba. Na faɗi a laka a gaban wasu manoma da ke dashen shinkafa, suka yi ta dariya, ni ma na taya su, don duƙawarsu a cikin ruwan nan sak ta mutanen Kura. Matsattsaku ya kama ni a ƙwauri na yi ta salati. Abinci kuwa, naman alade ko'ina, sai na koma shinkafa mai danƙo da kifi da ƙwai da mangwaro, har ranar da na ci karo da masallacin wasu masunta Musulmi a bakin kogi, matansu suka cika ni da miya.

Gidajen ibadarsu na shiga da yawa. In cire takalmi, in zauna can baya, in kalli gini da zane da mutane. Ban rusuna wa komai ba, ba kuma wanda ya ce in rusuna. A wani gari a Laos na sauka a masaukin wata tsohuwa mai jan baki saboda taunar ganye. Da ta ga ina shimfiɗa sallaya a lungu, washegari ta kwashe tukwanen furanninta daga baranda ta share mini wuri. Ita ce ta yi mini bayani, da ɗan Turancinta da hannu, cewa malaman addininsu masu jan yadi ba sa tafiya in damina ta sauka. Wata uku suke zama wuri ɗaya, mutanen gari suna kai musu kyandir da abinci. Ta tambaye ni me ya fito da ni a lokacin da kowa ke zaune. Na ce ni na riga na yi nawa zaman, na gama. Da ta gane mijina ne ya rasu, ta kama hannuna ta nuna ƙirjinta, ita ma haka. Muka zauna muna kallon ruwa yana zuba daga indararo.

A wurinta na sayi tsaraba, ƙananan mayafai saƙar hannu da matan unguwarsu ke yi, da wani yadi mai ruwan toka na maza saboda Yaya. Mutum ba ya dawowa hannu rabbana. Kuma kowa ya san wanda ya karɓi tsarabarka ya karɓi tafiyarka.

Na dawo na yi baƙi, na rame, ƙafafuna duk tabo. Na tarar Yaya ya riga ya baza labarin taro a Manchester da Birmingham. Har waya ake yi mini ana sannu da aiki, ni kuwa in ce lafiya lau in kashe, don ba a waya nake son in faɗa ba.

Ranar zaman, maza suna falon gaba a gidan Yaya, mu mata muna na ciki, ƙofa a buɗe tsakani. Jakar goyona tana gefen ƙafata, tsaraba a ciki. Aka gaisa, aka sha shayi. Sai uwar yaron, dattijuwa mai kamun kai da ba ta yawan magana, ta juyo ta ce, "Hajiya, yaya taro? An ce har Malaysia."

Na dubi 'yata. Tana tsaye da faranti, idonta a ƙasa. Wallahi na ji tsoro, don na san abin da zan iya rushe mata. Amma na ga in na ce "alhamdulillahi" a nan, ƙaryar za ta shiga gidan aurenta tare da kayan ɗaki, ta yi ta gadinta har tsufa.

Na ce, "Ba taro na je ba, Hajiya. Ƙasashe uku na zaga ni kaɗai, don in gani da idona. Ban bar salla ko ɗaya ba, kuma na ji daɗi."

Maganata ta kai har falon maza. Wata ta shiga gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ni kuwa ban sunkuyar da kai ba.

Sai 'yata ta ajiye farantin. Ta zo ta durƙusa ta buɗe jakar, ta kwashi mayafan. Ta fara da uwar yaron, ta durƙusa a gabanta ta miƙa da hannu biyu. "Mama, ga tsarabar Mum." Ban sa ta ba, ban ma san ta san ma'anar abin ba. Yanzu duk mai ƙi sai dai ta ƙi daga hannun amarya.

Dattijuwar ta daɗe tana kallon mayafin. Ta murza saƙar da yatsa kamar mai taya atamfa a Kantin Kwari, sannan ta ɗora a cinyarta ta ce Allah ya amfana. Sauran suka bi. 'Yata ta ɗauki yadin mai ruwan toka ta nufi falon maza. Ba ta jima ba ta dawo da shi a hannu, ta mayar cikin jakar ta ja zip.

An sa rana, ko da yake an ɗaga ta zuwa bayan hunturu, kuma na san dalili. Yaya ya yi walicci kamar yadda ya kamata, amma tun daga ranar bai sake taka gidana ba. Abin yana yi mini ciwo, don ƙaninsa na aura kuma ya riƙe mu da amana. Yadinsa yana nan a ƙasan jakar. Duk lokacin da zan yi tafiya sai in ciro shi in ajiye a kan gado, in na dawo in mayar.