Tukunyar da Diga ta Buga

Duk wanda ya bi ta lise, babbar sakandaren Filinge, ya san Mushe Ibrah (Mushe shi ne malam a bakin ƴan boko), malamin tarihi, dogo siriri, kullum da ƙurar alli a hannun riga. Mutumin kirki ne, amma wallahi in ya kama ka da zancen mutanen dā, ka shiga uku. A wurin suna ana rabon goro, shi yana gaya maka yadda Misirawa ke binne mamaci da tulunan abinci, yadda mutanen Kush suka narka ƙarfe har kashin maƙera ya taru tsibi-tsibi, yadda mutanen Bura, can hayin kogin Isa, wato Kwara, ke kifa tukunya bisa kabari. Abu guda ke ci masa rai: kowace ƙasa ta bar abin nunawa, ƙasarsu ta Kurfai kuwa sai yashi da karan gero. Matarsa Laraba takan ce Fir'auna ya fi ta shan hirar mijinta.

Duk tsawon aikinsa a gidajen haya suka zauna. Sai da ya aje alli, furfura ta cika kai, sannan ya samu fili a bakin gari, wajen hanyar Bonkuku. Ya ba Kailu magini aikin, wani tsohon ɗalibinsa da bai taɓa son tarihi ba. Wata rana da hantsi ana haƙar harsashi, Kailu ya yafito shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Mushe, taho ka gani. Diga ta bugi tukunya."

Ibrah ya leƙa ramin, ya ga gefen wani abu na laka, zagayayye. Shi da bakinsa ya koya wa yara cewa tukunya a ƙarƙashin ƙasa sau da yawa kabari ce. In ko maƙabarta ce, zancen gini ya ƙare ke nan, don ba mai kwana bisa mutane, kuma a shekarunsa ina zai sake samun fili? Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana roƙon Allah ya nuna masa kayan mutanen dā a Kurfai, yau ga shi tsaye yana roƙon kada ya zama su ne.

"Mu rufe, mu zuba siminti," in ji Kailu. "Wa ya gani?"

Gaskiya zancen ya shigi Ibrah. Can ya ce, "Ni na gani."

Ya tattare riga ya sauka ramin, ya shiga share yashi da hannu, tsoro fal cikinsa. Ya tuna tukwanen Bura a kife suke, wannan kuwa bakinta na kallon sama. Jikinta kauri, ya ƙone ja wur. Ya tona cikin yana bismilla, yana jiran ƙashi, amma sai gawayi. Sai guntayen bututun laka. Sai wasu dunƙulen baƙin abu masu nauyi, kamar busasshen kashin shanu. Ya ɗaga ɗaya ya juya shi, dariya ta ƙwace masa, har da ƙwalla.

"Kush ne, Kailu, ba Bura ba. Gindin murhun tama ne."

"Mushe, yi min Hausa."

"Ba kowa a ciki. Ci gaba da aikinka."

Kafin nan labari ya kai wa Laraba. Ta iso tana haki, mayafi a karkace, ta tsaya bakin ramin ta kasa leƙawa.

"Malam, mutum ne?"

"Maƙera ne suka narka ƙarfe a nan, tun kafin kakannin kakanninmu."

Ta sulale ta zauna bisa tarin bulo, ta yi ta hamdala har numfashinta ya dawo. Sannan ta ce tunda wurin ya saba da wuta, a yi mata madafa a kai. Ibrah ya ce ko kusa. Ya sa Kailu ya kauce da bango ya bar murhun a tsakar gida, aka yi masa ƴar rumfa.

Shi ya sa bangon gabas na gidan ya karkace, masu wucewa na zargin Kailu bai iya gini ba. Baƙo kuwa ba ya shan ruwa sai an kai shi ya leƙa ramin. Laraba ta ce ta yarda, gara hirar maƙera a gidan kanta da ta Fir'auna a gidan haya.