Mushe Asumana, Mutumin da Ya Hana Ni Magana a Tama

Ranar Alhamis da hantsi ina Madawa, a shagon mai fotokofi, ina jiran a gama buga mini takardun horo, sai salulata ta yi ƙara. Mariyama ce, babbar ɗiyarsa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Tanti Rakiya, Baba ya cika yanzu da sahe." Na yi salati, na nemi benci na zauna. Mai shagon ya dubi fuskata, ya kashe injinsa ba tare da na roƙe shi ba. Mun san Mushe Asumana (mu nan Mushe muke ce wa malamin boko namiji) yana kwance tun bayan girbi, kuma shekaru sun ja, amma sanin hakan bai rage mini komai ba. Kafin in sami motar Buza an riga an kai shi makwancinsa, domin ya sha gargaɗin iyalinsa cewa kada a jinkirta shi don jiran kowa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Mutane da yawa sun san shi yana malamin lakwal, wato makarantar boko, wasu yana darakta, wasu kuma lokacin da yake zagaya makarantun Keita da Buza bisa tsohon motonsa mai ƙafa biyu yana duba aikin malamai. Ni a ƙurarren lokaci na san shi. Ya riga ya yi ritaya, wata ƙungiya mai buro, wato ofis, a Buza ta ɗauke shi ya shugabanci tsara darussan manya, na masu lambu da ƙungiyoyin mata. Aikin yana da sauƙin faɗa. Mutum ɗaya ya zauna ya tsara darasi a takarda daki-daki, sannan wani daban, wanda mai yiwuwa ba su taɓa haɗuwa ba, ya ɗauki takardar ya koyar da ita a ƙauyensu.

Shekarata tara ina koyarwa a Garhanga lokacin da na ji suna neman mutum. Na bar ajina na zo, bisa sharaɗin gwaji na wata uku. Mahaifiyata ta ce ba ni da hankali, kuma tana da hujja, don tun makon farko aka ba wata malama ajin nawa. Idan wata ukun nan ya cika Mushe ya ce ban iya ba, gida zan koma in zauna. Amma a lokacin ko a jikina. Ni ce madam ɗin da ake turo sababbin malamai su kalli yadda take koyarwa, kuma bakina bai taɓa ba ni kunya a gaban allo ba. Na zo ne da niyyar in nuna wa tsohon yadda ake yi.

Mutum ne marar hayaniya. Shi yake dafa shayinsa da kansa, kuma mai gadi yake fara miƙa wa kofi. Ba ya gyara takardar kowa da jan biro, sai da fensir, wai jan biro ya ishe shi tun a lakwal, kuma abin da aka rubuta da fensir mai takarda yana iya gogewa in ya fi shi gaskiya. Idan muka shiga gari, sai ya zauna ya tambayi mutane yadda suke yin abu kafin ya yarda a buɗe jaka. Yakan ce mini, "Madam, kada ki rubuta abin da kinka sani. Rubuta abin da za a yi, da wanda za shi yi nai, da abin da za shi riƙa ga hannu." Ina cewa to, amma a raina ina ganin surutun tsufa ne.

Aikina na farko darasi ne kan yadda ake haɗa maganin tsutsar lambu da ƴaƴan dogon yaro, wanda mu nan muke kira bedi. A daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a fesa wa shu, wato kabeji, da albasa da marece. Na cika shafi huɗu. Na kawo amfanin icen, na kawo sunayen tsutsotsi, har da tambayoyin ƙarshe irin na aji. Mushe ya karanta tsaf, bai taɓa ko layi ɗaya da fensirinsa ba. Ya ce, "Ya yi kyau. Mu kai shi Tama mu ji mi za shi ce."

A hanya ya gaya mini dokarsa. Duk darasin da aka tsara sai an gwada shi a ƙauye, wani ne zai koyar, shi kuwa wanda ya rubuta zai zauna can bayan taro, ba zai ce uffan ba. "Ko gobara ta tashi cikin darasin, ki bari ta ci," in ji shi. Na yi dariya, don ban ga inda wuta za ta fito ba.

Wadda za ta koyar sunanta Habsu, mace mai natsuwa da ta yi karatun manya, tana karanta Hausa sannu a hankali amma ba ta tsallake komai. Mata kamar ashirin suka taru ƙarƙashin mangwaro a bakin lambuna. Ni da Mushe muka zauna bisa benci a baya. Da farko komai lafiya. Da aka iso wurin da na rubuta "a daka", Habsu ta ce a kawo turmi. Ba wadda ta motsa. Wata dattijuwa, Inna Tsahara, ta gyara zama ta ce, "Ɗiyata, turmin wa? Wanda nika dakan hura? Bedi in ya shiga turmi, ko wanki bakwai anka yi mai sai mai gida ya ji ɗaci nai." Mata suka fashe da dariya. Aka ɗauki lokaci mai tsawo ana jayayya, kafin wata ta tuna da wani fasasshen turmi da ke yashe a bayan gidanta.

Aka daka, aka zuba ruwa. Habsu ta duba takarda ta karanta da ƙarfi, "Bayan ya kwana, sai a tace." Ta tsaya. Ta dubi bokitin da aka jiƙa yanzun nan, ta juya shafi ko akwai wani bayani a baya, ba ta ga komai ba. Da ni ce ke koyarwa, tun jiya zan jiƙa wani in ajiye, don haka duk malami yake yi ba sai an gaya masa ba. Abin yana cikin kaina, shi ya sa ban ga dalilin sa shi a takarda ba. Wata ta ce, "To, nan za mu kwana ke nan?"

Ban san lokacin da na miƙe ba. Har na ce, "Abin da aka nuhwa shi ne," sai na ji sandar Mushe ta ƙwanƙwasa ƙafar benci sau biyu. Bai ko dube ni ba. Ya ce a hankali, "Zamna, Madam." Na zauna. A rayuwata ban taɓa jin zama mai wuya kamar wannan ba. Ina ji ina gani matan suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, wannan za ta ba shuka ruwa, waccan ta bar tukunya bisa wuta, Habsu kuwa tana tsaye da takardata a hannu kamar wadda aka kama da laifi.

Abin da Mushe ya yi a nan shi ne ba zan manta ba. Kafin sauran su watse ya tashi, ya je gaban Habsu, ya cire hularsa ya ce, "Ki yi muna gahwara. Ke kin yi aikinki daidai. Mu da munka rubuta mu munka bar rami, kinka hwaɗa." Mu ya ce, alhali ko harafi ɗaya babu nasa a ciki. Ya roƙi Inna Tsahara ta ajiye bokitin, gobe su tace da Habsu don kada wahalarsu ta tafi a banza.

A mota na kasa haƙuri. Na ce, "Baba Mushe, da kun bar ni, cikin minti biyu zan gyara." Ya ce, "Na sani, ai ke gwana ce. Amma takardag ga garuruwa da yawa za ta shiga, ke kau ke ɗaya ce. Za ki bi ta duk inda ta tahi?" Na tambaye shi ko ya ga ramin tun a buro. Ya ce na kwanan jiƙo ya gani, na turmin kuwa shi ma yau ya koya. Na ji haushinsa har muka iso Buza, kuma a ranar ce tsoro ya fara shiga ni, don wata biyu ya riga ya wuce.

Na koma Tama ni kaɗai, na wuni tare da Habsu. Wannan karon ni ke tambaya. Ita ta gaya mini cewa matan ba za su ba da rariyar garinsu a tace bedi ba, sai dai tsohon zane, kuma da tiya da bokiti suke awo, ba ruwansu da giram da lita. Na zubar da sunayen tsutsotsin da na yi alfahari da su. A saman shafin farko na rubuta abin da mai koyarwa za ta tanada tun jajibiri, da abin da za ta jiƙa ta ajiye. Shafi huɗu suka koma biyu. Sau uku Mushe yana mayar mini da ita da ƙananan tambayoyi a gefe da fensir. Bai taɓa rubuta mini amsa ba.

Gwaji na biyu ya faɗo a makon ƙarshe na wata ukuna, a Tabotaki, hannun wata mai koyarwa da ba ta san mu ba. Na shirya da sassafe, sai Mushe ya ce ba da ni za a je ba. Na wuni a buro ina gyara takardun da ba su bukatar gyara, abincin rana ma ya ƙi shiga. Bayan la'asar ya dawo. Ya yi alwala, ya yi salla, ya sha ruwa, ya tambayi mai gadi jikin matarsa, ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa. Sannan ya ce, "Madam, ba su neme ki ba. Sun daka, sun tace, sun hesa, sun watse. Ba wadda ta tambayi wa ya rubuta." Ya ɗauki hularsa zai fita, ya juyo ya ƙara da cewa, "Litinin ki zo da wuri, akwai darasin ajiyar albasa." Ta haka na san an riƙe ni. Na yi murna ƙwarai, ko da yake ba zan ɓoye ba, rashin neman nan ya ɗan sosa mini rai.

Shekara bakwai muka yi tare kafin ƙafa ta hana shi zirga-zirga. Aikin ya zame mini sana'a, ina ci ina sha a cikinsa, kuma ina son sa fiye da yadda na so allo. Mahaifiyata ma ta sauko, har takan gaya wa maƙwabta cewa ɗiyarta ce ke koya wa masu koyarwa. Duk wannan ta hannun Mushe Allah ya ba ni, kuma na gode da na sami damar faɗa masa tun yana da rai. Ya ce in bar zancen, in zuba masa shayi.

Ranar sadakar uku ina zaune cikin mata a gidansa, sai wata da ta rako surukarta gaisuwa daga wajen Garhanga ta matso ta tambaye ni ko mene ne aikin marigayin, don ta ga jama'a ta yi yawa. Na gaya mata. Ta ce ai ita ma tana koyar da matan garinsu, shekara da shekaru, da waɗansu takardu masu zane, na ramin taki da na kiwon awaki. Na ce duka biyun shi ya tsara su, tun kafin in zo. Ta ce, "Ni ca nike hakanan suka zowa daga Yamai. Ban san mutum na ya zamna ya yi su ba. Ko sau guda ba su taɓa ba ni kunya gaban mutane ba." Sai ta tambayi sunansa, ta maimaita shi sau biyu, ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a. A nan ne hawayen da na riƙe tun Madawa suka zubo.

Allah ya jiƙan Mushe Asumana, ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya yalwata kabarinsa, ya haskaka shi, ya sa ilimin da ya bari a hannun mutanen da ba su san fuskarsa ba ya riƙa isa gare shi har ranar tsayuwa. Allah ya ba matarsa Hajiya Zali haƙurin rashin abokin zama, ya riƙa wa Mariyama da ƙannenta, ya raya jikokinsa bisa tafarkinsa. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.