Rubutu a Kife

Koya wa yara rubutu ya fi ɗaukar katakon layin dogo wuya. Na yi duka biyun, shi ya sa na sani. Katako in ka ajiye shi, inda ka ajiye shi za ka same shi. Yaro kuwa ka nuna masa harafi yau, gobe ya zana maka wani abu kamar sawun kaza, yana kallonka yana jiran yabo.

Ni ba malami ba ne. Aji huɗu na yi a makarantar mishan, sauran karatun a coci na tsince shi. Na daɗe ina aikin lebura a layin dogo a Kafanchan, har bayana ya ƙi, na koma ƙauyenmu ta wajen Zonkwa ina ɗan noma. Shekarar da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga firamare kyauta, yara suka yi wa makarantarmu yawa, malamai ba su isa ba. Hedimasta ya zo har gida ya same ni.

Ya ce, "Ka iya A B C har ƙarshe?"

Na ce na iya.

Ya ce, "To, ran Litinin ka sa wando mai tsabta."

Iyakar horon da aka yi mini ke nan.

'Yan aji ɗaya aka ba ni. Ba ɗaki, ba benci, ba allo, ba alli. Ginin ajinmu ko taga bai kai ba. A gindin mangwaro muke zama. Na sa aka kwaso yashi daga rafi aka baza, in zauna kan kututture, yara su kewaye ni, in rubuta harafi da yatsa, kowa ya kwaikwaya a gabansa. Wani yana kukan uwarsa, wani yana cin yashin, da yawa Hausa ma ba su ji sai na juya zuwa yarenmu. Kullum ture-ture, wanda ya zauna nan yau gobe yana can. Masu yayye a manyan azuzuwa suna ɗan koyo a gida. Sauran kuwa haruffansu a kwance, a karkace. Na ɗauka wasa ne ya yi musu yawa, na yi ta sauke musu tsumagiya a bayan hannu.

Yarinya ɗaya ce ke sanyaya mini rai, 'yar wani dattijon cocinmu. 'Yar ƙarama, ba ta da surutu. Takan riga kowa zuwa, ta share ganye, ta zauna daidai gabana, muna fuskantar juna, yashi a tsakaninmu. Ba mai iya ƙwace mata wurin nan. In na ja layi ta ja, in na lanƙwasa ta lanƙwasa. In na sunkuya sai in ga haruffanta tsaye cif, a jere, kamar an buga da keken rubutu. In ce, "Yauwa!" Ta yi murmushi ta share ta sake.

Ubanta tun farko bai so ta shiga makaranta ba. Uwarta na da goyo, ana buƙatar ƙarin hannu a gida. Da damina ta kankama ya so ya cire ta. Ni na tare shi a ƙofar coci na ce, "Baba, kada ka taɓa yarinyar nan. Nas za ta zama, ko malama. Ban taɓa ganin hannu irin nata ba." Ya ce, "To Malam, don maganarka na bar ta." Daga nan ya shiga faɗa wa mutane a kasuwa cewa 'yarsa ce ta ɗaya.

Bayan girbi aka gama ginin. Aka sa ranar buɗewa, iyaye suka zo, fasto ya yi addu'a mai tsawo, aka kuma samu wani sufeton makarantu daga Kafanchan a kan babur. Ɗakin ya cika, wasu suna leƙe ta taga. A bango ga allo na siminti an shafe shi da baƙin fenti, yana ƙyalli. Hedimasta ya ce in fito da wanda ya fi kowa a ajina ya rubuta wa baƙi "Sannu da zuwa". Na kira yarinyar nan ina ta ɗaga kafaɗa. Mun sha rubuta kalmomin nan a yashi.

Na ba ta alli. Ranar ce ta fara riƙe alli a duniya. Ta tsaya ta dubi allon, sai ta nufi hannun dama. Ta fara daga dama tana tafiya hagu, kowane harafi kansa a ƙasa, ƙafarsa a sama. Tsaf-tsaf, ba kuskure ko ɗaya, amma duka a kife.

Kafin ta gama kalmar farko na riga na gane. Tun da muka fara, daga ɗaya gefen yashin take ganin rubutuna. Abin da yake tsaye a idona, a kife yake a nata. Ta kwaikwaya yadda ta gani, ni kuma daga inda nake zaune ina ganin nata daidai, ina yaba mata. Yaran da nake bugu ma, a gefe suke zama, shi ya sa nasu ke kwanciya. Ƙaton mutum mai gemu, abin nan bai taɓa zo mini a rai ba.

Wani ya ce ta taga, "Kai! Wannan sai mun tsaya da ka za mu karanta!"

Wata mata ta ce, "Daga dama fa take farawa. Ko Larabci kuke koya musu?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Sufeton bai yi ba. Ya karkata wuya ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Hannun yana da kyau ƙwarai. Wa ya koya mata haka?"

Hedimasta ya juyo ya dube ni. Kowa ya dube ni. Ga fasto, ga dattawa, ga waɗanda suka san ni da ɗaukar katako suna cewa yanzu na zama tica. Na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ban san abin da ya same ta yau ba. Ni ba haka na koya mata ba."

Hedimasta ya yi saurin rufewa ya ce, "Akwai irinsu, yallaɓai. Kansu ne a juye."

Ita ba ta ma san da ita ake ba. Ta sa ɗigon ƙarshe, ta juyo tana kallona, hannunta fari da alli, tana jiran in ce yauwa. Na kau da kai ina duban taga. Ubanta ya tashi, ya sa hularsa, ya kama ta a wuyan hannu suka fita. Ko abincin buki bai tsaya ci ba.

Da yamma matata ta dawo daga rijiya ta ce mata suna ta maganar. Wai dattijo ya ce 'yarsa ta gama makaranta, ba zai sake kai kansa a yi masa dariya ba. Wai har yara sun sa mata suna, mai juyayyen kai. Matar tawa ta ajiye mini tuwo, na kasa ci. Ta ce, "Kai kuma mene ne naka?" Na faɗa mata duka, da yashin, da kututturen, da ƙaryar da na yi.

Ta dube ni ta ce, "To ni kake gaya wa? Ni ce uban yarinyar?" Ta ɗauke tuwonta.

Washegari da sassafe na je gidan su yarinyar kafin su tafi gona. Na sami dattijon a ƙofar gida yana wasa lauje. Na gaishe shi, ya amsa da ƙyar.

Na ce, "Baba, ka yi haƙuri ka zauna yadda kake." Na tsuguna a gabansa, na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta sunansa. Ya iya karatun Hausa. Na ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "A kife yake."

Na ce, "A wajena tsaye yake. Inda kake nan 'yarka take zama kullum. Kanta lafiya lau, Baba. Ni na koya mata haka, kuma jiya na sani, na yi ƙarya."

Ya sake duban rubutun. Ya gwada bakin laujen da babban yatsa. Can ya ce, "Jiya a gaban gari ka yi magana. Yau ka zo a ɓoye kamar mai neman aron gishiri."



Ya ƙara da cewa, "Ran Lahadi bayan wa'azi za ka tashi ka faɗa, yadda ka faɗa mini. Da Hausa, da yare, don tsofaffi su ji. In ka yi, ta koma. In ba ka yi ba, ga goyo yana jiranta."

Na ce zan yi.

Ya ƙwala mata kira. Ta fito idonta a kumbure, ta durƙusa ta gaishe ni. Da ta ga rubutu a ƙasa sai ta kewaya za ta zauna gabana. Na ce a'a, ta zo nan. Na zaunar da ita a gefena, kafaɗa da kafaɗa, na kama yatsarta muka ja harafin farko, kansa a sama. Na saki hannun na ce ta yi ita kaɗai. Ya fito a karkace, yana rawa, kamar na wanda bai taɓa rubutu ba. Ta dube shi, hawaye suka zubo mata. Na share ƙasar na ce, "Sake." Muka yi ta yi har uwarta ta leƙo ta ce kunu ya huce.