Kwamfutar Haliru da Bangon Ɗakin Inna

Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Haliru, wanda mutanen Bukkuyum da Gummi suka fi sani da Haliru Mai Zane. Da ana iya kwance abin da aka riga aka aikata, abu ɗaya zan roƙa a kwance mini: ranar da na ɗauki kwamfutarsa da wayarsa na kai wa mai gyara, na ce ya wanke su tas. Ban buɗe ba, ban duba ba, ban shawarci kowa ba. Ni ne babba a gida, na yanke, aka yi.

Haliru ya fara ne da rubuta allunan shaguna da yi wa motocin kasuwa ado a Gummi. Da ya sami waya mai ɗaukar hoto sai ya shiga wata hanya da ni ban gane mata ba. Ya hau babur ya bi ƙauyuka, ya yi sallama gidajen mutane, ya roƙi tsofaffin mata su bari ya ɗauki zanen da suka yi a bangon ɗaki, da adon bakin rumbu, da daɓen da suka jera wa tsingaro. Matan Fulani masu kawo nono ranar kasuwa har sun saba da shi, suna hango shi sai su juya masa bayan ƙwarya ya ɗauka, suna yi masa dariya.

Idan ya dawo sai ya zuba hotunan a wata tsohuwar kwamfuta da ya saya ta hannu. A can ciki yake ɗauko gefen zanen ƙwarya ya haɗa da na rumbu, ya juya, ya sake launi, har ya fitar da wani sabon abu. Ya kai Gummi a buga masa a takarda. Sannan ya cire riga, ya kwaɓa jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi, ya mayar da zanen a bango da hannunsa. Bangon na bushewa ya sake ɗaukarsa hoto ya koma da shi kwamfuta. Masu ɗinkin hula ma suna zuwa ya tura musu a waya, su je su zauna da allura.

Ni a lokacin haushi abin yake ba ni. Gonar gadonmu na jiran noma, shi yana can yana wasa da ƙasa kamar yaro. Wata rana na ce masa ya zaɓi ɗaya, ko magini ne shi ko ɗan boko. Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, bango ruwa ka cin shi, waya ko ba ta da jiki. In na haɗa su, kowane na riƙon ɗan'uwa nai." Na ce masa wannan maganar wanda ya ƙoshi ce.

Inda muka fi saɓawa shi ne lokacin gubar dalma da ta gurɓata ƙasa ta hallaka yara. Da aka fara kankare ƙasar gidaje a Tungar Guru, daga baya kuma Bagega, Haliru ya ji cewa har da daɓen wasu ɗakuna za a kwashe. Ya bar duk abin da yake yi ya tafi. Na tare shi a ƙofar gida na ce, "Mutane na kukan ɗiyansu, kai kana ɗaukar ƙasa hoto? Ba ka jin kunya?" Ya tayar da babur ya tafi. Sai bayan ransa na ji cewa gaisuwa yake fara yi, ya zauna da su, kuma tsofaffin da kansu suke jan hannunsa zuwa ɗaki su ce ya ɗauka kafin a kwashe, don aikin iyayensu ne. Ƙasar dole a kwashe ta, rai ya fi daɓe. Amma da aka kwashe, zanen bai rage ko'ina a duniya ba sai a cikin kwamfutar Haliru.

Hatsarin babur ne ya yi ajalinsa a hanyar Anka. Bayan an share makoki, maganar da ke bakin kowa ita ce a wanke wayar mamaci. Haka muke yi a nan, kada waƙa ko hoton da ya bari a ci gaba da kallo, zunubi yana bin sa har kabari. Niyyata ke nan, Allah shaida. Mai gyaran, wani magidanci da ke da rumfa a bakin tasha, ya kunna kwamfutar ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Baba, akwai kaya da yawa cikin wagga na'ura. In kwashe maka su tukuna?" Na ce, "Kai dai wanke. Kayan duniya ne, mai su ya tahi." Ko leƙawa ban yi ba, ga shi fuskar kwamfutar tana gabana. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya wuce rashin sani, ƙin sani ne.

Daga baya na kai maganar gun wani malami da nake girmamawa. Ya tambaye ni ko akwai abin haramun a ciki. Na ce ban sani ba. Ya ce to zanen bango da na ƙwarya ba su da laifi, kuma ko da akwai abin cirewa, shi kaɗai ake cirewa. Ya ƙara da cewa abin da ke ciki dukiyar marayu ce, ba tawa ba. Wannan maganar ba ta bar ni ba har yau.

Nakan tambayi kaina me Haliru zai ce da ya ga yau. Kowane saurayi a kasuwar Bukkuyum yana riƙe da wayar da ta fi kwamfutarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Me ake yi da su? Ka shiga shagon aski ko na shayi, an manna wata ƙatuwar leda da aka bugo daga birni, hoton benaye da tekun wata ƙasa da babu wanda ya taɓa zuwa. Gidajen ƙasa ana ta rushewa ana sa bulo, babu mai cewa a tsaya a ɗauki hoton bangon tukuna, alhali ba zai ɗauki lokacin shan kofin ruwa ba. Ƙauyukan da ya bi a babur, wasu yau ba sa shiguwa saboda ɓarayin daji, mutanen sun watse, damina ta cinye ɗakunan. Tsofaffin da suka yi zanen yawanci sun riga mu gidan gaskiya. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ni ne nake faɗan a madadinsa, ni da ba ni da bakin yi.

Bara wata mata mai aikin zane ta zo daga birni tana neman gidanmu. Ta ga 'yan hotunan da Haliru ya taɓa tura wa wani abokinsa. Ta ce irin aikin da ake yi ke nan yanzu, a ɗauko na hannu a kai na'ura, a fito da shi a buga a yadi ko a haska a bango mutane su zo kallo, kuma tana so a nuna nasa da sunansa. Ta tambayi ina sauran. Na ba ta ruwa, na ba ta fura. Luba, babbar 'yar Haliru, ita ce ta ce mata daga bakin ƙofa, "An wanke." Ba ta dube ni ba.

Abin da ya rage mana bango ɗaya ne, a ɗakin Innarmu, Allah ya jiƙanta. Haliru ya yi mata shi tana da rai, ya haɗa mata zanen garuruwa da yawa wuri ɗaya. Rufin ɗakin yana yoyo, kuma 'ya'yana sun matsa a rushe shi a fitar da shago, tunda yana bakin hanya. Ba su yi ƙarya ba, gidan na bukata. Babbansu ya ce mini, "Baba, ƙasa ce fa." Na ji muryata a bakinsa, na ce masa muddin ina numfashi ba mai taɓa ɗakin nan.

Luba yanzu ta zama mace, tana yi wa amare ƙunshi, tana fitar wa masu hula zane a wayarta. Hannun ubanta ne sak. Ta ɗauki bangon hoto gaba da gefe, ta ajiye a wuri fiye da ɗaya, ta tura wa matar nan ta birni. Takan nuna mini wani layi ta ce, "Baba, wanga na wace tsohuwa ne? Na wane gari?" Haliru yana rubuta sunan kowace mai zane da garinta a ƙarƙashin hotonta. Sunayen sun tafi tare da sauran.

Kafin saukar damina bana muka gyara rufin. Ni na kwaɓa wa Luba ƙasa, da wannan bayan nawa mai ciwo, ita tana bin layukan ubanta tana tayar da su. Akwai kusurwa ɗaya ta sama da ruwa ya riga ya zubar tun kafin ta mallaki waya, faɗinta ya kai faifai. Na ce ta cike wurin da wani abu daga kanta, ai ta iya, babu wanda zai gane. Ta sauko daga kan turmin da ta taka, ta wanke hannu, ta ce, "A'a Baba. Ban san mi yas sa nan ba, ba ni yi mai ƙarya. A bar shi hakanan." Ta shafe wurin da farar ƙasa kawai.

An ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. Tulun da Haliru ya bari shi ne hannun 'yarsa da bango ɗaya. Ruwan kuwa ni na zubar, kuma kullum na shiga ɗakin Inna wannan farin wurin nake fara gani.

Roƙona ga mai karatu kaɗan ne. Idan naka ya rasu aka miƙo maka wayarsa don kai ne babba, kada ka wuce da ita gun mai gyara. Tara iyalinsa ku zauna, ku buɗe, ku duba. Abin da bai dace ba a cire, sauran a bar wa masu shi. Idan kuma za ka rushe tsohon ɗaki, ka kira mai waya ya ɗauki bangon, ka tambayi sunan wadda ta zana tun akwai mai faɗa maka. Allah ya jiƙan Haliru, ya yafe mini. Kada wani ya yi irin tawa.