Dodon da ya ɓace a Idumota

Ranar bikin Eyo ce a Legas, ranar da dodanni ke fitowa cikin fararen kaya a matsayin magabatan da suka rasu, kowane gida da launin malafarsa, kuma tun daga Obalende wannan dodon yake bin masu jar malafa, yana tsalle da sandarsa. Sai a Idumota wani ya nuna masa cewa tasa malafar koriya ce. Ayarin gidansu ya daɗe da karya kwana.

Ga shi nan a tsakiyar titi shi kaɗai, fari fat, gajere, da ɗan tumbin da rigar ta kasa rufa wa asiri. Ya duba gabas, ya duba yamma. Hannunsa yana kaiwa ga ƙyallen fuskarsa sai ya tuna dodo ba ya buɗe fuska a gaban jama'a, ya wayance kamar ƙuda yake kora. Ina jin mai tabarau ne, ya baro shi a gida.

Muna gefe ba takalmi yadda dokar bikin ta ce, kwalta tana gasa mana ƙafa, kowa yana danne dariya, don sandar nan ba ta san wasa ba. Iya Morufu mai lemo ce ta kasa haƙuri.

"Baba, kun taso tun daga lahira ba ku ɓata ba, sai a Idumota?"

Ya matso, ya sunkuyo, ya rage murya.

"Iya, lokacin da na mutu ba a yi wannan gadar ba. Don Allah, ta ina masu koriyar malafa suka bi?"